IDO BIYU, GANI ƊAYA: YADDA AKE HORAR DA IDANUN DA BA SU AIKI TARE

A wannan wata filinmu na kiwon lafiya zai yi magana a kan ido. Amma ba yanar ido ko amosani za mu taɓo ba. Za mu yi bayani ne a kan idanu biyu da ke kai ɗaya, amma ba su aiki tare.

Duk manomin da ke huɗa da shanu a Faskari, ko Sabuwa, ko Ƙanƙara ya san abu guda. Bijimi biyu ake ɗaura wa karkiya ɗaya. In suka ja tare, kunya ta miƙe sambal. In ɗaya ya yi gabas, ɗaya ya yi yamma, kunya ta karkace. In kuwa ɗaya ya yi lalaci, ɗan'uwansa ne zai ɗauki aikin duka. To, haka idanunmu suke. Kuma kamar yadda ake horar da shanun huɗa, haka likitoci ke horar da idanu. Sai dai horon yana da lokaci, yana kuma da ƙa'ida.

YADDA IDANU KE AIKI TARE

Kowane ido yana da ƙananan tsokoki 6 da ke juya shi. Su ke kai shi sama, da ƙasa, da dama, da hagu. Ƙwaƙwalwa ce ke riƙe da igiyarsu, kamar mai huɗa. Ido na dama ya aika mata hoto ɗaya, na hagu ya aika mata wani. Ita kuma ta haɗa su, su zama hoto guda.

Ku gwada wannan yanzu. Ku miƙa hannu, ku ɗaga babban yatsa. Ku rufe ido ɗaya ku dube shi. Ku buɗe, ku rufe ɗayan. Za ku ga kamar yatsan ya yi tsalle. Wannan ya nuna kowane ido da nasa hoton. Haɗa hotunan nan biyu ne ke sa mu gane nisa da zurfi. Shi ya sa zura zare a allura yake wuya in an rufe ido ɗaya.

Wannan ilimi ba na jiya ba ne. Wani malami Musulmi mai suna Ibnul Haisam, haifaffen Basra, wanda ya zauna a Masar, ya yi rubutu a kansa kimanin shekara 1000 da suka wuce.

MATSALOLI UKU

Ta farko ita ce harara-garke. Ido ɗaya yana kallon gaba, ɗayan ya karkata wajen hanci, ko wajen kunne, ko sama, ko ƙasa. Wani kullum haka idonsa yake. Wani kuwa sai ya gaji, ko yana zazzaɓi, ko ya fita rana.

Ta biyu ita ce raggon ido. In yaro yana da ido karkatacce, hotuna biyu ne za su riƙa zuwa wa ƙwaƙwalwarsa, su ƙi haɗuwa. Don ta huta, sai ta daina sauraron ido ɗaya. A hankali idon nan ya daina gani sosai, alhali ƙwayarsa lafiya lau take. Wani yaron ma idonsa bai karkace ba. Ido ɗaya ne kawai ke bukatar tabarau, ba a sani ba, har ya zama raggo. Likitoci sun ce a duniya ana samun wannan a wajen yara 2 ko 3 cikin kowane 100.

Ta uku ita ce rashin haɗuwar idanu a kusa. In mutum zai karanta takarda, dole idanunsa biyu su ɗan juyo wajen hanci tare. Wasu idanun ba su iya jure wannan. Mai wannan matsala yana ganin nesa tangaran. Amma da ya fara karatu sai kansa ya yi ciwo. Baƙaƙe su riƙa rawa, ko su zama biyu-biyu. Ya riƙa ɓata layi, barci ya kama shi, ko ya rufe ido ɗaya da hannu. Sau da yawa akan ce irin wannan yaro daƙiƙi ne, ko malalaci. Har akan yi masa bulala a makarantar boko ko ta allo. Alhali idanunsa ne suka gaji.

DON ME AKE SON GAGGAWA?

Jariri ba ya zuwa duniya da cikakken gani. Ƙwaƙwalwarsa koyon gani take yi, kamar yadda yake koyon tafiya da magana. Mafi yawan wannan koyo yana faruwa ne daga haihuwa zuwa shekara 7 ko 8.

Wasu masana biyu a Amurka, Hubel da Wiesel, sun gwada wannan a kan 'yan kyanwa. Sun rufe wa ɗan kyanwa ido ɗaya tun yana jariri. Da aka buɗe bayan 'yan watanni, idon ba ya gani, ko da yake ba abin da ya sami ƙwayarsa. Da suka yi wa babbar kyanwa haka, ganinta bai lalace ba. Wannan bincike ya sa aka ba su babbar kyautar Nobel a shekarar 1981.

Darasin a fili yake. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wasu iyaye kan ce, "A bar shi, in ya girma idon zai gyaru." Wannan jira shi ke cinye idon. Yaron da ya wuce shekara 8 ma yana iya samun sauƙi, don haka kada a fid da rai. Amma aikin ya fi wuya, kuma sauƙin bai kai na ƙaramin yaro ba.

Ku tuna, mai ido ɗaya mai gani ba shi da na ajiya. In ƙaya, ko karan dawa, ko tsakuwa ta sami mai lafiyar a gona, shi ke nan mutum ya shiga duhu.

YADDA ZA KU DUBA YARO A GIDA

Idon jariri sabon haihuwa yakan ɗan yi yawo jefi-jefi. Wannan ba abin tsoro ba ne a watannin farko. Amma in ya kai wata 6 idon bai daidaita ba, a kai shi asibiti. In kuwa karkacewar ta kullum ce, ba sai an jira wata 6 ba.

1. Ku sami cocila. Ku tsaya gaban yaro da tazarar kamu biyu, ku sa ya kalli hasken. Za ku ga ɗigon haske a kowane ido. In idanun daidai suke, ɗigon zai faɗa wuri iri ɗaya a duka biyun. In ɗaya yana tsakiya, ɗaya yana gefe, akwai magana.

2. Ku rufe masa ido ɗaya da tafin hannu, ku nuna masa abin wasa. Ku sake da ɗayan. In bai damu da rufe na hagu ba, amma ya yi kuka ko ya ture hannu da aka rufe na dama, to wataƙila na hagun ba ya gani sosai.

3. Ku lura da yaron da ke karkata kai in zai kalli abu, ko yake runtse ido ɗaya a rana, ko yake yawan tuntuɓe.

YADDA AKE MAGANI

Matakin farko shi ne awon ido. Yara da yawa tabarau kawai suke bukata. Akwai harara-garken da tabarau ke miƙar da shi muddin yana fuska. Tabarau ba ya kashe idon yaro, kuma ba na 'yan gayu ba ne kaɗai.

Mataki na biyu na raggon ido ne. Likita zai ba da wani abin mannewa mai kama da filasta. Idon mai lafiya ake rufewa, ba mai ciwon ba. Wannan zai tilasta wa raggon ya tashi ya yi aiki. Yawanci awa 2 ne a rana, in ya yi tsanani har awa 6. Akan ɗauki watanni ana yi. A lokacin da idon ke rufe, a ba yaro aikin hannu na kusa, kamar tsintar wake, ɓarar gyaɗa, zane, ko rubutu a allo. Kada a aike shi bakin titi, ko rijiya, ko kusa da wuta. In yaro ya ƙi yarda da filasta, akwai maganin ɗigawa da likita kan bayar a madadinta. Kada kowa ya rufe idon ɗansa ba da umarnin likita ba. In aka wuce ƙa'ida, mai lafiyar ma yana iya raunana.

Mataki na uku shi ne atisayen ido. Ya fi amfani ga masu rashin haɗuwar idanu a kusa. Ga iri biyu da likita kan koyar.

Na fensir: Ka riƙe fensir a tsawon hannunka. Ka zuba wa bakinsa ido. Ka riƙa jawo shi wajen hancinka sannu a hankali. Da ka ga ya zama biyu, ka tsaya. Ka yi ƙoƙari ya koma ɗaya. In ya ƙi, ka mayar da shi baya ka sake.

Na zare: A zura 'ya'yan carbi 3 masu launi daban-daban a dogon zare, a ba su tazara. A ɗaure baki ɗaya a jikin ƙusa ko ƙofa. Ka riƙe ɗaya bakin a kan hancinka. Ka dubi ɗan carbi guda. In idanunka biyu suna aiki, za ka ga ɗan carbin ɗaya ne, amma zaren ya zama biyu, sun gitta a kansa kamar almakashi a buɗe. In zare ɗaya ka gani, to ido ɗaya ya yi barci. Sai ka koma kan na biyu, da na uku.

A shekarar 2008 an fitar da sakamakon wani bincike da aka yi a Amurka a kan yara 221, 'yan shekara 9 zuwa 17, masu wannan matsala. An yi mako 12 ana yi musu magani. Waɗanda ke zuwa wurin ma'aikacin ido sau ɗaya a mako, suna kuma yin atisayen minti 15 a gida, kimanin 73 cikin 100 sun warke ko sun sami sauƙi sosai. Waɗanda suka yi na fensir a gida su kaɗai, kimanin 43 cikin 100 ne. Ashe ke nan atisaye yana aiki, amma ya fi aiki in akwai masani da ke bin sawu.

Mataki na huɗu shi ne aikin tiyata. In karkacewar babba ce, atisaye ba zai miƙar da ita ba. Likita zai gyara tsokokin da ke jan idon. Ba a ciro ido waje, kamar yadda wasu ke tsoro. Babban mutum ma ana iya miƙe masa ido.

ABIN DA ATISAYE BA YA YI

Atisayen ido ba ya cire yana. Ba ya maganin hawan jinin ido. Ba ya sa mai bukatar tabarau ya ajiye shi. Ba ya kuma koya wa kowa karatu. Yana rage wahalar ido ne kawai, koyarwa kuwa aikin malami ne. Duk wanda ya ce zai warkar da kowane ciwon ido da atisaye, ku riƙe kuɗinku.

Ga kuma saƙo ga ɗalibanmu na ajin yaƙi da jahilci. In ka haura shekara 40, ka ga sai ka nisanta takarda kafin ka iya karantawa, wannan ba harara-garke ba ne. Shekaru ne. Tabarau na karatu shi ne maganinsa. Kada wannan ya sa ka bar aji.

Haka nan kwalli, da ruwan ganye, da nonon uwa, da fitsarin dabba ba su miƙe ido. Wasunsu ma makanta suke jawowa.

ALAMOMIN DA BA A KWANA DA SU

In kun ga baƙin idon yaro yana wani fari ko ƙyalli kamar idon kyanwa da dare, ku garzaya asibiti. Yana iya zama yana, yana kuma iya zama ciwon daji na ido, wanda ke kisa in an yi jinkiri.

In babba ya wayi gari yana ganin abu biyu-biyu, ko idonsa ya karkace farat ɗaya, ko fatar idon ta sauko, a tafi asibiti a ranar. Hawan jini, ko ciwon sukari, ko shanyewar jiki na iya jawo haka. Haka ma yaron da idonsa ya karkace bayan faɗuwa, ko tare da ciwon kai da amai.

INA ZA A JE?

A fara da asibiti mafi kusa, kamar Babban Asibitin Ƙanƙara, ko na Funtuwa, ko na Malumfashi. A nemi ma'aikacin ido, a kuma karɓi takardar turawa gaba in ya ga da bukata. A cikin birnin Katsina akwai asibitin ido na jiha. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. A Kano kuma akwai asibitin ido na ECWA, wanda ke aiki tun 1943.

Mun san tafiya tana da wuya, ga tsadar mota, ga sha'anin tsaro a hanyoyinmu. Don haka a yi shiri. A tafi da rana, a ranar da motoci ke yawan bin hanya. A tafi da katin asibiti da tsohon tabarau in akwai. Kafin a baro likita, a tambaye shi abu uku: wane ido za a rufe, awa nawa a rana, yaushe za a dawo. A rubuta amsar a takarda. Ga amfanin karatun da kuka koya.

Malaman makaranta da na allo, ku sa ido a kan ɗalibanku. Ku hana yara yi wa mai tabarau ko mai filasta dariya, don dariyar nan ce ke sa yaro ya cire ya jefar. Iyaye mata, ku ne kuka fi kowa kallon fuskar yaro, in kun ga wani abu ku faɗa. Iyaye maza, kada ku ce sai bayan kaka, ko sai an sayar da auduga. Amfanin gona yana jira a rumbu, amma shekarun koyon gani ba su jira.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ƙara mana lafiya, ya kiyaye mana ganinmu da na 'ya'yanmu, amin. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.