Akanta Mai Bin Sawun Kuɗi

Duk ƙarshen shekara akwai tambayar da masu kamfani ke jefa wa akantansu rai a ɓace: "Malam, ka ce mun ci riba, to ina kuɗin?" Amsar tana cikin takarda guda, bayanin shigowa da fitar tsabar kuɗi, kuma haɗa ta sai mai haƙuri.

A ce kamfanin casar shinkafa ne a Kano. Akanta zai ɗauko ribar da littafi ya nuna, ya shiga warware ta. Buhunan da diloli suka kwasa bashi an rubuta su cikin ciniki, amma ko sisi bai shiga banki ba, sai ya cire. Shansherar da aka jibge a sito da kaka ta lashe kuɗi, ita ma ya cire. Abin da manoma ke bin kamfanin kuwa yana hannu tukuna, don haka ya ƙara. Sai tsufan inji: kowace shekara ana rage wa injin casa daraja a rubuce, a sa cikin abin da aka kashe, alhali ba wanda aka miƙa wa naira. Dole ya mayar da wannan. Nan ɗalibai suka fi tuntuɓe, har da wasu masu furfura.

Kason harkar yau da kullum ke nan, na farko cikin kaso uku na takardar. Sauran biyun da sauƙi: saye ko sayar da kadara, sai rance, jari da rabon riba. In ya haɗa ukun, jimlar ta zo daidai da bambancin kuɗin farkon shekara da na ƙarshenta. Ta saɓa ko da dubu ɗaya, ranar ba tashi da wuri.

Ƙa'idar aikin ita ce IAS 7, cikin tsarin lissafi na duniya da ya hau kan kamfanonin kasuwar hannun jari ta Najeriya tun 2012. An koyi darasin bambancin riba da tsabar kuɗi ne da tsada: W. T. Grant, katafaren kamfanin kantuna a Amurka, ya yi shekaru yana shelar riba kuɗi na zurarewa, har ya durƙushe a 1975.

A ganina wannan takarda ta fi ta riba wuyar yi wa kwalliya, domin banki na da nasa lissafin. Mai hannun jari, in rahoton shekara ya iso gare ka, fara buɗe shafinta.