Me Ya Sa Waya Ke Kuskuren Ruwan Kano? Yadda Ake Karanta Hasashen Ruwa, Iska da Ambaliya

Duk mai riƙe da babbar waya a Hotoro ya san wannan labarin. Da safe manhajar yanayi ta nuna hoton rana tarwai, mutum ya shanya kaya ya fita ba laima. Ana idar da la'asar sai gabas ta haɗe baƙi ƙirin ta wajen titin Maiduguri, iska ta taso da ƙura, kafin a ankara ruwa ya kece. Washegari wayar ta ce za a sha ruwa, a wuni ko ɗigo babu.

Daga nan wasu kan yanke hukunci cewa hasashen yanayi shaci-faɗi ne kawai. Ba haka ba ne. Ruwa, iska da ambaliyar kogi abubuwa ne uku, kowanne da hanyar da ake hango shi da kuma tsawon lokacin da yake ba mutum ya shirya. Wanda ya san inda zai duba kowanne, wayarsa za ta yi masa amfani ƙwarai a watannin Agusta da Satumba.

Daga ina waya ke samo hasashenta?

Waya ba ta auna sararin samaniya da kanta. Abin da take nunawa lissafi ne da manyan kwamfutoci suka yi a nesa. Biyu daga cikin fitattun tsare-tsaren lissafin su ne GFS na Amurka da ECMWF na Turai. Suna karɓar bayanai daga tauraron ɗan'adam, jiragen sama, balan-balan masu auna iska da tashoshin ƙasa, sannan su yanka duniya gida-gida kamar allon dara, su lissafa abin da zai faru a kowane gida.

A nan matsalar take. Faɗin gida ɗaya a tsarin ECMWF ya kai kusan kilomita 9, na GFS kuwa kusan 13. Ke nan Hotoro da unguwanni da dama na kewayenta suna iya faɗawa gida guda, alhali kowa ya san ana iya tafka ruwa a Tarauni, Dakata kuwa ƙasa a bushe. Ga kuma ƙarancin tashoshin awo a Afirka idan aka kwatanta da Turai. Shi ya sa waɗannan tsare-tsare sukan dace wajen faɗin zafi, amma su yi ta tuntuɓe wajen faɗin ranar ruwa da wurin da zai sauka a yankin Sahel.

Lambobi biyu sun fi hoton gajimare muhimmanci. Ta farko ita ce kaso cikin ɗari: idan an rubuta 60, ana nufin a irin wannan yanayi, sau shida cikin goma ana samun ruwa a wurin. Ba ta faɗin yawansa ko daɗewarsa. Ta biyu ita ce milimita. Milimita 1 daidai take da lita 1 a kan kowace murabba'in mita. Idan milimita 40 ta sauka a kan rufin gida mai murabba'in mita 100, an sami lita 4,000, wato jarka 160 mai cin lita 25, daga gida ɗaya tak. Duk wannan ruwa kwata ɗaya zai bi da na maƙwabta.

Ruwa da iska: a dubi gabas

Tsofaffi sun daɗe suna duban gabas idan suna neman hadari, kimiyya ma ta gaskata su. Danshin damina yana zuwa ne daga Tekun Atilantika ta kudu maso yamma, amma can sama akwai iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Ita ce ke tura manyan hadura, waɗanda kan jeru a layi mai tsawon ɗaruruwan kilomita, suna tafiyar da ta kai kimanin kilomita 50 zuwa 60 a awa.

Wannan tafiya ita ce ribar mai waya. Taurarin Meteosat na Turai suna tsaye ne a nisan kusan kilomita 36,000 a saman Afirka, suna ɗaukar hoton gajimare duk bayan minti 10 zuwa 15. Manhajoji irin su Windy suna nuna hotunan kyauta a sashen tauraron ɗan'adam. Idan aka buɗe taswirar, aka matsa gabas da Kano, aka kunna hotunan awanni biyun da suka wuce, za a ga ko wani dunƙulen gajimare yana girma yana matsowa. Hadarin da ke kan Azare, in bai watse a hanya ba, yana iya isa Kano cikin awa uku zuwa huɗu. Wanda ya iso Dutse kuwa, bai fi saura awa biyu ba. Wannan ya fi hasashen da aka gani tun safe, domin hoton abin da ke akwai ne, ba ƙiyasi ba.

Iskar da ke yaye kwano tana rigan ruwan isowa. Ruwan da ke zuba daga hadari yana sanyaya iska, ita kuma ta faɗo ƙasa da nauyi ta bazu gaba. Sanyin nan da ake ji kwatsam tare da ƙura, shi ne gargaɗin ƙarshe. Irin wannan iska ta fi tsanani a farko da ƙarshen damina, saɓanin lokacin marka da ruwa ke zuba a hankali ya daɗe. A manhaja, layin bugun iska mafi ƙarfi ya fi matsakaicin gudunta amfani, don bugu ɗaya ke karya reshe ko ya kayar da allon talla.

Ga walƙiya ma akwai lissafi mai sauƙi: a ƙirga daƙiƙu tsakanin hasken da ƙarar tsawa, a raba gida uku, abin da ya fito shi ne nisanta a kilomita. Idan bai kai daƙiƙa 30 ba, lokacin shiga ɗaki ya yi, kuma a cire waya daga cajin bango.

Ambaliyar kogi: a dubi sama da gari

Ambaliya iri biyu ce. Ta cikin birni, wadda ke cika tituna da gidaje idan magudanai sun toshe da leda da yashi, tana zuwa cikin minti kaɗan bayan ruwa mai ƙarfi. Babu manhajar da ta san kwatar da ta toshe a wani layi. Wannan sanin na mazauna unguwa ne.

Ta kogi daban ce, don tana iya afka wa gari rana tsaka ba hadari. Kogin Kano, wanda aka datse da dam ɗin Tiga a 1974, da Kogin Challawa mai dam ɗin da aka kammala a 1992, suna haɗuwa ne a kusa da Tamburawa. Daga nan ruwan ya bi ta Wudil, Ringim da Haɗeja zuwa fadamun Nguru. Zuwa ƙarshen Agusta ƙasa ta riga ta ƙoshi, madatsai sun cika ko sun kusa, saboda haka ruwan da ya sauka a kudancin jihar Kano gangarowa yake yi, ya ɗauki kwanaki kafin ya isa garuruwan ƙasa. A yankin Haɗeja kuma ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, abin da ke sa shi fantsama gonaki. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, mai kula da waɗannan madatsai, hedikwatarta tana nan Hotoro a kan titin Maiduguri.

Tarihi ya nuna lokacin haɗarin. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle. A 2022 ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A ranar 10 ga Satumban 2024 ruwan dam ɗin Alau ya mamaye Maiduguri.

Da yake kogi a hankali yake tafiya, hasashensa ya fi ba da sarari. Shafin Flood Hub na Google, wanda a 2023 aka faɗaɗa shi zuwa ƙasashe 80 har da Najeriya, yana ƙiyasta hawan kogi har kwana bakwai gaba, kyauta, ta burauzar waya. Sai dai ƙiyasi ne na kwamfuta, kuma ba shi da masaniyar ɓallewar dam, don haka ba ya maye gurbin sanarwar hukuma.

Su wa ke da ta cewa a hukumance?

Hukumar NiMet ke da alhakin hasashen yanayi a Najeriya. Tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, da na kwana uku-uku a shafukanta na sada zumunta. Hukumar NIHSA kuma ita ke bibiyar koguna, tana bayyana ƙananan hukumomin da ke fuskantar barazanar ambaliya kowace shekara. NEMA da SEMA ta jiha su ke kai agaji, lambar kiran gaggawa kuwa 112 ce.

A kula da saƙonnin murya na WhatsApp masu cewa dam ya fashe. Kafin a tura gaba, a duba kwanan wata da tushen labarin, domin tsofaffin bidiyoyi sukan dawo duk damina.

Abin yi a aikace

Da safe a duba sanarwar NiMet. Bayan azahar, kafin a hau babur ko adaidaita zuwa nesa, a leƙa hoton tauraron ɗan'adam. Mai 'yan'uwa ko gona a bakin kogi ya riƙa duba Flood Hub, ya kuma kira su ya shaida musu, don ba kowa ke da data a ƙauye ba. A ajiye waya da fawa-banki cike da caji, takardu masu muhimmanci a cikin leda a wuri mai tudu.

Kada kuma a raina ruwa mai gudu. Wanda ya kai idon sawu, kimanin santimita 15, yana iya kayar da babban mutum; santimita 30 na iya ɗaga ƙaramar mota. Waya za ta iya faɗin cewa ruwa na tafe, amma ba za ta nuna ramin da ke ƙarƙashinsa ba. In titi ya shafe, a jira ya janye.