Tsaido

Yara, wane ne cikinku bai taɓa taka tsaido ba? Duk wanda ya yi tafiya ba takalmi a ƙarshen damana ya san zafin ƙayarsa. Da faransanci ana ce masa « croix-de-Malte ».

Tsaido haki ne da ba ya tashi sama. Yana shimfiɗa rassansa bisa ƙasa kamar tabarma. Yana da saiwa guda mai shiga ƙasa da nisa, shi ya sa yake jure ƙarancin ruwa. Ganyensa ƙanana ne masu gashi, suna jere biyu-biyu. Furensa rawaya ne, mai kunnuwa 5.

In fure ya kaɗe, sai ɗa ya fito. In ɗan ya bushe, yakan rabu kashi 5. Kowane kashi yana da manyan ƙayoyi 2, kuma iri yana ɓoye a cikinsa.

Tsaido ba shi da ƙafa, amma yana tafiya. Ƙayarsa tana maƙalewa ga kofaton bisashe, ga takalmi, ga tayar keke. Inda ta faɗi, nan sabon tsaido zai tsira. Irinsa yana iya yin shekaru cikin ƙasa yana jiran ruwan sama.

Haka ya ƙetare teku har ya kai Amurka, inda da babu shi. Can ya mamaye gonaki da bakin hanyoyi. A shekarar 1961, sai aka kai wasu ƙananan ƙwari masu cin irinsa da rassansa, don su rage shi.

Tsaido yana da amfani. A wasu garuruwanmu, mata suna tsinkar ganyensa tun yana ɗanye, su dafa, su yi kwaɗo. Bisashe ma suna cinsa. Amma a Afirka ta Kudu, makiyaya sun san tumakin da suka ci shi da yawa sukan kamu da ciwo: kansu ya kumbura.

Manomi mai dabara yana nome tsaido kafin ya yi ƴaƴa. In ya bari ƙaya ta zuba, baɗi aikinsa zai ƙaru.

Tambayoyi
1. Mene ne yake taimakon tsaido ya jure fari?
2. Ta yaya irinsa yake tafiya?
3. Yaushe ya kamata a nome shi? Don me?

Aiki
Ku tumɓuke tsaido guda a filin makaranta. Ku auna tsawon rassansa, ku zana ɗansa cikin littafinku.