Sinadarin Mazantaka: Darasi daga Bunsuru da Taure

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, akwai maganar da maza ke jin nauyin yi ko a gaban amini. Mutum ya ji ƙarfinsa ya ragu, sha'awar iyali ta yi sanyi, sai ya yi gum. Ranar kasuwa ya laɓaɓa wurin mai tallar magani, ya zubar da kuɗin hatsin gidansa. To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yau za mu buɗe zancen.

Mu fara daga garke

Dukanmu mun san bambancin bunsuru da taure. Bunsuru yana da wari da faɗa da bin awaki. Taure kuwa ya natsu, sai ci da ƙiba. Bijimin da aka dandaƙe shi ma yakan yi sanyin hali, ya ja garma da amalanke ba gardama. Dalili shi ne, ƴaƴan maraina suna zuba wani sinadari cikin jini. Likitoci suna kiran sa testosteron. A shekarar 1935 masana a ƙasar Holan suka tace shi daga marainan bijimai, suka raɗa masa wannan suna.

Haka yake ga ɗan Adam. Shi ke buɗe muryar yaro idan ya balaga, ya fitar da gemu, ya gina tsoka da ƙashi. Yana tayar da sha'awa, yana kuma taimakawa wajen yin ƙwayoyin haihuwa. Mata ma suna da shi, amma kaɗan.

Nawa ne daidai?

Ba a gane yawansa da ido. Gemu ko girman jiki ba ma'auni ba ne. Sai an ɗebi jini an auna. A takardar sakamako za mu ga lamba, a gefenta an rubuta ng/ml. Ga baligi mai lafiya, lambar takan kasance tsakanin 3 da 10. Wasu ɗakunan awo suna rubuta ng/dl, a nan sai mu ga 300 zuwa 1000. Abu ɗaya ne, mudun ne ya bambanta.

Mai 4 da mai 8 duk lafiyayyu ne. Mai 8 bai fi mai 4 zama namiji ba. Daga shekara 30 zuwa 40 sinadarin yakan soma raguwa a hankali, wajen kashi 1 cikin 100 kowace shekara. Wannan tafiyar shekaru ce, dattawa da yawa lambarsu ba ta fita daga daidai.

Sinadarin ya fi yawa da safe, ya ragu da marece. Saboda haka ake ɗibar jini tsakanin ƙarfe 7 da 10 na safe, kafin karin kumallo. Idan lambar ta yi ƙasa da 3, sai a sake awo wata rana. Likita ba ya yanke hukunci sai awo biyu sun nuna ƙaranci, kuma akwai alamu a jiki: mutuwar sha'awa, rashin tashin gaba da asuba, kasala, raguwar tsoka da gashin jiki.

Me ke rage shi?

Ƙiba mai yawa, ciwon sukari, rashin barci, giya, da shan tramol. Sai doguwar jinya kamar tarin fuka, sida ko sikila, da yunwa mai tsanani. Rauni a maraina, ko hangum da ya kama baligi ya sauka can, su ma suna iya jawo shi.

Mu kuma lura, yawancin raunin gaba ba daga ƙarancin wannan sinadari yake ba. Sau da yawa hawan jini ne, ko sukari, ko taba, ko damuwar zuciya. Wani lokaci raunin gaba shi ne ɗan aiken farko na ciwon zuciya. Wanda ya rufe shi da ƙwayar kasuwa ya kori ɗan aike bai ji saƙo ba.

Hattara da allura

Wanda ya yi allurar testosteron ba da umurnin likita ba, jikinsa yakan daina yin nasa. Maraina su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu, wani lokaci su ɗauke. Jini kuma yana iya yin kauri. Ga mai neman haihuwa, wannan allura ɓarna ce. Idan haihuwa ta yi jinkiri a gida, kada mu ɗora wa mace laifi ita kaɗai. Miji ma ya je a auna maniyyinsa, domin wannan awo daban ne da na jini.

Abin da za mu yi

Mu je gidan likita mafi kusa, mu faɗi damuwarmu ba kunya. A auna mana sukari da hawan jini tukuna. Ba ko'ina ake awon testosteron ba, likita ne zai tura mu babban asibiti, kamar na Yamai ko na Damagaram, idan ya ga bukata. Mu bar tramol da taba, mu sami barci isasshe, mai teɓa ya rage. Wanda ya iya karatu ya karanta wa abokansa wannan shafi a fada.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.