"Ai Muna da Kwafi a D"

A wata makaranta mai zaman kanta a Gusau, kwamfuta guda ce a ofis take riƙe da komai: sakamakon jarrabawar yara, jerin waɗanda suka biya kuɗin zango, albashin malamai, har hotunan rajistar WAEC da NECO. Sauran kwamfutocin daga cikinta suke jawo abin da suke bukata. Tun farkon bazara faifan ajiyarta ya fara ƙas-ƙas-ƙas idan an kunna ta. Sakatare ya kai ƙorafi, aka ce masa ƙura ce, ya hure. Ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya, mai makarantar ko a jikinsa. "Ai muna da kwafi a D," in ji shi.

Wannan maganar ce ta sa ni rubutun nan, domin daga shagunan buga takardu na Gusau har ofisoshin Tsafe da Bunguɗu, haka mutane suka ɗauka. Jama'a, a yawancin kwamfutocinmu C da D faifai ɗaya ne aka tsaga gida biyu. Kamar ɗaki ne da aka raba da labule: in gobara ta tashi, labulen ba zai tsare ɗaya ɓangaren ba. Faifan nan yana juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, ga wani ɗan hannu siriri da ke shawagi a kansa yana karatu. Hannun nan in ya lalace, C da D tare suke tafiya. Shekara nawa mutum yana kwafe fayil daga nan zuwa can yana ganin ya yi dabara, alhali bai matsar da komai ko taku ɗaya ba!

Abin da ya biyo baya a makarantar nan ya fi ban haushi. Suka yi ta kashe kwamfutar suna kunnawa wai ko za ta farfaɗo, kowace kunnawa kuwa ƙara karce faifan take yi. Daga nan aka miƙa ta ga wani mai gyara, shi kuma bai tambayi me ke ciki ba, ya shiga ƙoƙarin goge ta ya ɗora sabuwar Windows a kan faifan da ke gargara. Ɗan abin da ya rage ma ya bi ruwa. Malamai suka koma tsofaffin rajistoci suna shigar da maki da hannu.

In ka ji wannan ƙara ta ƙas-ƙas-ƙas, kashe kwamfutar nan take. Kada a yi mata fomat, kada a kwance faifan don a leƙa cikinsa, ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ƙarasa shi. A sayo sabon faifai, sannan wanda ya san aikin ya fara kwashe duk abin da tsohon zai iya bayarwa, da manhaja irin ddrescue, a kan wani faifan dabam. Windows kuma a sabon za a ɗora ta. A mayar wa kwamfutar sunanta na da, da sunayen jakunkunan da ake rabawa, in ba haka ba sauran kwamfutocin ofis ba za su gane ta ba.



Kwafi na gaskiya shi ne wanda yake kan wani faifai na waje, da ake cirewa bayan an gama, a kwana da shi a wani gini. Google Drive na ba da gigabayit 15 kyauta, a yi amfani da shi, amma mu 'yan Zamfara ba mu manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar, mai ajiya a intanet kaɗai ya rasa hanyar kaiwa ga kayansa. A haɗa biyun. Sannan duk ƙarshen wata a ɗauki faifan wajen, a jona shi a wata kwamfutar, a buɗe fayil uku ko huɗu na makon da ya wuce, a gani da ido suna buɗewa.