Kukan Ƙafar Baya: Abin da A-kori-kura Ke Gaya wa Mai Ita

A ƙarshen daminar bara na shiga a-kori-kurar wani ƙanena daga Balan zuwa Gaya, an laƙa mata buhunan gero. Da muka hau kwalta sai na ji wani kuka siriri yana tasowa daga baya, yana ƙaruwa duk lokacin da ya taka mai. Na tambaye shi ko yaushe ta fara. Ya ce, "Yaya, ai tun watan jiya ne, kuma ba ta hana tafiya." Kafin mako uku ta hana. Kuɗin gyaran kuwa sun cinye ribar kaka gaba ɗaya, alhali abin da ya jawo ɓarnar bai wuce ruwan da ya shiga cikin mai ba.

Mene ne a cikin tulun nan?

Idan mai karatu ya leƙa ƙarƙashin Hilux ko tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka riƙa haɗawa a Kaduna, zai ga wani ƙarfe mai kama da tulu a tsakiyar aksil na baya. Shi ne difarenshiyal. Aikinsa biyu ne. Na farko, yana karɓar juyin farfela ya karkatar da shi zuwa tayoyi, yana rage gudu yana ƙara ƙarfi: farfela kan juya wajen sau 4 kafin taya ta juya sau 1. Na biyu, yana ba kowace taya damar yin gudunta a kwana. Tazarar da ke tsakanin tayoyin baya ta kusa mita 1.5, saboda haka idan mota ta yi cikakken zagaye, tayar waje kan fi ta ciki tafiya da fiye da mita 9. Ba don wannan na'ura ba, da ɗaya tayar sai ta riƙa jan ƙasa. Wani Bafaranshe mai suna Onésiphore Pecqueur ne ya tsara ta domin mota mai aiki da tururi tun wajen 1827.

A matsayina na mai nazarin halittu, tulun nan yakan tuna mini da gwiwar ɗan Adam. Ƙasusuwan gwiwa ba sa gogar juna kai tsaye, akwai guringuntsi da wani ruwa mai yauƙi a tsakaninsu. Haƙoran giya ba su da guringuntsi. Mai kaɗai ne ya raba su. Bambancin shi ne jiki yana sabunta ruwansa da kansa, ita kuwa mota sai an sabunta mata.

Me ya sa ba a zuba baƙin man inji?

A motocin yanzu ƙaramar giyar da ke kan farfela tana haɗuwa da babbar ne ƙasa da tsakiyarta. Wannan tsari, wanda kamfanin Packard na Amurka ya fara amfani da shi a 1926, ya sa haƙoran suna birgima kuma suna zamewa a kan juna cikin matsi mai tsanani. Man inji ba ya jure wannan. Man da ya dace shi ne mai alamar GL-5, galibi 80W-90 ko 85W-140. An haɗa shi da sinadaran farar wuta da fosfaras, waɗanda zafi kan sa su shimfiɗa wata 'yar fata a kan ƙarfe, ta yadda fatar ce ke cinyewa maimakon haƙori. Warin da ake ji a man giya daga farar wutar nan yake.

Yadda ruwa ke shiga

A saman aksil akwai wata 'yar kafar numfashi. Motar da ta yi tafiya da kaya, tulunta ya yi zafi, iskar ciki ta buɗe. Da ta faɗa ruwa mai zurfi, irin wanda kan kwanta a hanyoyin ƙauyukan Gaya da Ajingi a watan Agusta, sai ƙarfen ya huce nan take, iskar ta tsuke, ta zuƙo ruwa ta kafar ko ta robar bakin aksil. Man sai ya koma kamar kunu, tsatsa ta kama boris. Idan kuma laka ta toshe kafar, matsin ciki yakan turo mai waje, har ya jiƙa birki.

Sauraren kuka

Kamar yadda likita ke sauraren ƙirji, haka direba ya kamata ya lura da lokacin da kukan ke zuwa. Kuka siriri idan an taka mai yakan nuna haƙoran giya sun ci ko zamansu ya goce. Wanda ke zuwa idan an ɗaga ƙafa, sau da yawa boris ɗin ƙaramar giya ne ya saki. Gurnanin da ke canzawa idan an karkata hagu ko dama yana nuni ga boris ɗin taya. Ƙara guda, "ƙwal", wajen tashi, a fara duba mahaɗin farfela. Kukan da ke canzawa tsakanin kwalta da turɓaya kuwa, na taya ne kawai. A kula kuma: sa tayoyi masu bambancin girma a baya yana tilasta wa ƙananan giyoyin ciki aiki ko a miƙaƙƙiyar hanya.

Gaskiya mai ɗaci ita ce, haƙorin da ya riga ya ci, sabon mai ba ya mayar da shi. Zuba mai kauri ƙwarai don a kashe kuka ɓoye ciwo ne, ba magani ba.

Canjin mai

A yi shi bayan 'yar tafiya, mai na da ɗumi, mota na tsaye a wuri mai daidai. A fara kwance noti na sama, na zubawa, domin kada a tsiyaye mai sannan a tarar ya ƙi kwantuwa. A kwance na ƙasa, a dubi maganaɗisun da ke jikinsa: gari mai laushi ba abin damuwa ba ne, amma ɓarɓashin da yatsa ke ji, aikin bakanike ya zo. A zuba sabo har ya kawo bakin kafa. Yawanci bai wuce lita 3 ba. A wanke kafar numfashi. Littafin mota ne ke faɗin tazarar canji, amma mai ɗaukar kaya a hanyar turɓaya kada ya wuce kilomita 40,000, kuma duk ranar da ruwa ya shanye aksil, a duba washegari.

Tsohon man kuma kada a zubar da shi kusa da rijiya, kada a shafa wa dabba a miki ko ƙazuwa kamar yadda wasu ke yi, domin yana ɗauke da garin ƙarfe da sinadarai masu cutarwa.

Shawarata ga masu a-kori-kura ita ce, da ruwa ya ɗauke, kafin a fara jigilar amfanin gona zuwa Wudil ko Dawanau, a kwance notin nan a tsoma yatsa. Abin da yatsa ya fito da shi zai faɗi gaskiya tun kafin kunne ya ji.