Daga Antwap Zuwa Tukur-Tukur: Ina Muka Ajiye Dalmarmu?

Littafin Hausa da ake karantawa a Birnin Ƙonni da Malbaza da Illela ta jihar Tawa, in ka juya bayansa, galibi sunan Zariya za ka gani ko Kano ko Sakkwato. Haka abin yake tun zamanin Turawa. Faransa ba ta yarda a koyar da yaro da harshen uwa a lakwal ba, sai a 1973 Nijar mai 'yanci ta buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram. A tsallaken iyaka kuwa, tafiyar da ba ta kai kilomita ɗari ba daga Ƙonni zuwa Sakkwato, Ingilishi sun mai da Hausar boko harshen makarantar elementare da na aikin En'e. Can aka kafa injuna, nan aka yi ta karatu. Saboda haka Ba'adare da Baƙonne suna da haƙƙi a maganar gidan da ya buga waɗannan littattafai, kuma suna iya tambaya: me aka tanada na kayansa?

Kafin amsa, bari mu leƙa inda aka yi tanadin. A birnin Antwap na Beljiyam akwai gidan Plantin-Moretus. Wani Bafaranshe mai ɗinkin littattafai, Christophe Plantin, shi ya fara ɗab'i a birnin a 1555, ya koma wannan gida a 1576. Da ya rasu a 1589 surukinsa Jan Moretus ya gaje shi, zuriyarsa ta riƙe sana'ar kusan shekara ɗari uku, har 1876 da suka sayar wa hukumar birni da gidan da duk abin da ke ciki. Shekara guda bayan haka aka buɗe shi ga jama'a. A 2005 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya.

Baƙo yana ratsa ɗakuna ne bisa tsarin aikin. Akwai maƙera a sama, inda ake narka dalma a zuba cikin ƙwarmin tagulla, kowane harafi da nasa. Akwai zauren ɗab'i, inda akwatunan haruffa suke jere, kowane akwati da ramuka, kowane rami da harafinsa. Mai jera haruffa yana tsintarsu ɗaya ɗaya da yatsa, a juye kamar a madubi, har layi ya cika, har shafi ya cika, a ɗaure shi cikin firam na ƙarfe, a shafa tawada, a ɗora takarda mai danshi, a murɗa injin katako ya danne. In an gama, sai a kwance shafin a mai da kowane harafi raminsa. A ƙuryar zauren akwai injuna biyu na wajen shekarar 1600, waɗanda ba a san wasu da suka girme su ba a duniya. Ga ɗakin masu gyara, inda malamai ke bin shafi suna farautar kuskure. Ga kantin sayarwa da ma'aunin kuɗinsa. A maɗaba'ar Plantin, kafin ya koma wannan gida, aka buga Baibul mai harsuna biyar, mujalladi takwas, tsakanin 1568 da 1573, da ɗaurin gindin Sarki Filibus na Biyu na Sifen.

Amma a ganina dukiyar gidan ba injunan ba ce. Takardun lissafi ne. Iyalan Moretus ba sa zubar da takarda: albashin ma'aikata, kuɗin tawada, wasiƙun marubuta, wa ya sayi me, wa ya ƙi biyan bashi. Da su ne masana suke gane littafin da ya yi kasuwa da wanda ya kwanta. UNESCO ma takardun ta fara karramawa, a 2001, kafin ginin.

To, mu dawo gida. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda daga baya ta zauna a Zariya ta zama Hukumar Talifi a hannun Dokta Rupert East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. Magana Jari Ce ta biyo baya. A Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito, Imam ne editanta. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka yi masa gini a Tukur-Tukur, ya zama babbar maɗaba'ar Arewa. Nan aka fara buga Nigerian Citizen a 1948. Da yaƙi da jahilci ya kankama a shekarun 1950, hukumar NORLA ta fito da ƙananan jaridu na larduna: Zaruma ta Sakkwato, Himma ta Katsina, Sodangi ta Kano, Bazazzaga ta Zariya. A 1966 kamfanin ɗab'i na NNPC ya karɓi aikin wallafa littattafai.

Akwai abin da gidan tarihi, in an kafa shi a Tukur-Tukur, zai nuna wanda Antwap ba ta da shi. Na farko, haruffa masu ƙugiya. Yau ɗan yaro yana danna waya ɓ da ɗ da ƙ su fito, amma a zamanin dalma babu akwatin Bature da ya zo da su. Tsofaffin littattafai ɗigo suke sa wa a ƙarƙashi ko waƙafi a gefe, kuma da aka tsai da ƙugiya a shekarun 1930 sai da aka ƙera wa kowanne nasa ƙwarmin, babba da ƙarami, a kowane girma. Wanda ya ga ɗan guntun dalma mai ɗauke da ƙ ya ga ranar da Hausa ta tilasta wa inji ya yi mata wuri. Rigimar rubutun Hausa ba ta tsaya a nan ba ma, don bayan taron Bamako na 1966 Nijar ta ɗan bi tata hanyar rubutu, sai taron Yamai na 1980 ya kusanto da ɓangarorin biyu.

Na biyu, ajami. Almajirin da ya tashi da rubutun allo da ƙira'ar Warshu, idonsa bai saba da haruffan injin Masar ba. Sai masu ɗab'i suka samo dabara: gwani ya rubuta littafin da alƙalaminsa, a ɗauki hoton shafin a kan faranti, a buga dubbai. Ta haka hannun marubuci bai mutu ba da zuwan inji. Ahalari da Ishmawi da Ishiriniya da ake biyawa a zaurukan Adar da Gobir, da yawansu ta wannan hanya suka fito, daga Zariya da ƙananan maɗaba'un Kano.

Wani zai ce mai fama da tsadar takarda ina shi ina gidan tarihi. Gaskiya ne, sai dai abin da ake bukata da fari ba gini ba ne. Tsohon inji da akwatin dalma, in babu mai kula, ɗan gwangwan ne ke saye da kilo, takarda kuma rabon gara ce. Jami'ar Ahmadu Bello tana nan cikin Zariya, Gidan Arewa yana Kaduna, Jami'ar Abdu Mumuni da cibiyar CELHTO suna Yamai. Kowaccensu tana iya tura ɗalibai su ƙirga abin da ya rage, su ɗauki hoton kundayen jarida da takardun ciniki. Mafi gaggawa su ne mutanen. Waɗanda suka jera haruffa da hannu a shekarun 1960 da 1970 yanzu dattawa ne, kuma su kaɗai suka san sunan da ake kiran kowane ƙarfe a zauren aiki, da yadda ake kwana ana haɗa jarida. Da su ya kamata a fara, da na'urar ɗaukar magana, tun bana.